Wa Ke Yi Wa Ɗan Kwana-Kwana Ta'aziyya?

A majalisarmu ta bayan sallar isha'i, a wata unguwa cikin garin Dutse, akwai wani dattijo da muke kira Kwamanda. Ma'aikacin kashe gobara ne, ya daɗe a aikin har furfura ta fara cin gemunsa. Bencin da muke zama yana tsakanin teburin mai shayi da tukubar mai tsire. Na yi shekaru ina lura da wani abu ban gane ba: Kwamanda ba shi da wurin zama guda. Yau yana wannan gefe, gobe yana wancan. Sai daga baya na fahimci iska yake bi. Duk inda hayaƙin tukuba ya nufa, shi yana ɗaya ɓangaren.

Wata rana wani daga cikinmu ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ya sayo balangu aka baje a takarda. Kowa ya sa hannu, Kwamanda ya miƙe ya ce zai je ya duba gida. Na bi shi da 'yar zolaya, na ce, "Kwamanda, ko likita ne ya hana ka nama?" Ya yi shiru har muka kai bakin lungu, sannan ya ce, "Malam, ido yana mantuwa, hanci ba ya mantuwa."

A nan tsaye ya ba ni labarin wani dare na hunturu, shekaru da dama da suka wuce. Kaskon wuta aka shiga da shi ɗaki saboda sanyi. Tagogin duk da ƙarfe, ƙofar kuma an sa mata sakata ta ciki. Kafin su ɓalle ta, mai aukuwa ta auku ga uwa da 'ya'yanta. Shi ya fito da ƙaramin. Tun daga ranar bai ƙara cin gasasshen nama ba, kuma duk shekara idan sanyi ya shigo barcinsa sai ya ƙaurace. Na tambaye shi ko uwargida ta sani. Ya ce, "In ce mata me? A ce namiji kamata yana raki?"

Wannan kalma, raki, ita ta hana ni barci a daren. Tambayar da nake juyawa tun lokacin ita ce: mutumin da ya faɗi abin da ke cin zuciyarsa, ya fita daga sahun masu haƙuri ke nan? In kuma bai fita ba, wa ya wajaba ya saurare shi?

Waɗanda ba a ƙirga ba

Babu ɗan Jigawa da zai manta daren Talata, 15 ga Oktoban 2024. Tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, kusa da Jami'ar Khadija. Fetur ya malala cikin magudanar ruwa, a lokacin da lita ke neman naira dubu. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, sai wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar sama da mutum ɗari a kabari guda. An kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu manyan asibitoci, da yawansu kuma ba su tashi ba. Kwamitin binciken da gwamnatin Malam Umar Namadi ta kafa ya ce rayuka 209 aka rasa.

An ƙirga matattu. An ƙirga masu rauni. An tara gudummawa don marayu da zawarawa, kuma haka ya dace. Amma akwai wasu mutane da ba su shiga kowane lissafi ba: waɗanda suka kashe wutar, da waɗanda suka bi wurin da safe suna tattara abin da ta bari. 'Yan kwana-kwana, 'yan sanda, ma'aikatan agaji, ma'aikatan jinya, da samarin gari da suka haƙa kabari. Jikinsu bai ƙone ba, saboda haka muka ɗauka lafiya suka koma gida.

Majiya babbar musiba ce da duniya ta ji. Amma aikin ɗan kwana-kwana a Dutse ko Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu cike yake da ƙananan musibun da ba sa kai wa gidan rediyo. Da hunturu, gobarar ɗaki da ta rumbu da ta kasuwa. Da damina, yaron da ya je wanka kududdufi bai dawo ba. A kowane lokaci, wanda ya faɗa rijiya, da haɗarin mota a kan babban titi. Su ake kira, kuma sau da yawa abin da suke fitowa da shi gawa ce. Mu mukan ga irin wannan sau ɗaya ko biyu a tsawon rayuwa, mu yi ta ba da labarinsa har tsufa. Shi kuwa zai wanke hannu, ya koma ofis ya jira kira na gaba.

Abin da jiki ke yi

Ya kamata mu fara da sanin cewa wannan abu ba raunin hali ba ne. Idan mutum ya shiga haɗari, jikinsa na sakin wasu sinadarai, irin su adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, ido ya buɗe, jin ciwo ya ragu. Da wannan ne mutum ke iya shiga hayaƙi ya ɗauko wanda ya fi shi nauyi. Idan haɗari ya wuce, jiki kan sauka a hankali. Amma wanda jiniya ke tashinsa daga barci shekara da shekaru, jikinsa na iya manta hanyar sauka. Sai ka ga ƙarar faɗuwar kwano ta firgita shi, yaro ya yi ɗan kuskure ya hau shi da faɗa, barci ya zama gutsi-gutsi, abin da ya gani ya riƙa dawo masa a mafarki ko ido biyu. Wari kuwa yana da gajeriyar hanya zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu ajiye tsoro da tunani, shi ya sa maganar Kwamanda a kan hanci ta yi daidai da abin da likitoci suka sani.

Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka sanya wannan ciwo na firgicin bayan tashin hankali cikin jerin cututtukan da aka amince da su, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Ranar 11 ga Satumban 2001 birnin New York ya rasa 'yan kwana-kwana 343 a rana guda, kuma waɗanda suka tsira an shafe shekaru ana duba lafiyarsu, ta huhu da ta zuciya. Yawancin mutanen da suka ga tashin hankali sukan warware da kansu cikin 'yan makonni. Idan alamun suka wuce wata guda suna hana mutum rayuwarsa, to ya zama ciwon da ke bukatar magani, kuma yana da magani.

Mu ma mun san haka tun kafin likita ya faɗa, tunda mu muka ce jiki magayi. Sai dai idan jikin jarumi ne ya yi maganar, mukan toshe kunne.

Haƙuri da shiru

Bahaushe ya ɗora haƙuri a saman kyawawan halaye. Shi ne maganin zaman duniya, mai shi ne ke dafa dutse ya sha romo. Ba ni da ja a kan wannan. Aikin kashe gobara ma ba zai yiwu ba sai da shi. Wanda ke riƙe da mesa a gaban wuta ba shi da damar sauraron zuciyarsa a wannan lokaci. Dole ya danne tsoro da tausayi, in ba haka ba ya hallaka kansa da abokan aikinsa. Dauriya a fagen aiki wajibi ce.

Kuskurenmu shi ne mun ɗauki abin da ya dace da awa guda a gaban wuta, mun mayar da shi dokar rayuwa gaba ɗaya. Mun haɗa haƙuri da shiru har mun kasa raba su. Alhali magabatan da muka koyi haƙuri daga gare su ba haka suka yi ba. Annabi Yaƙubu ya yi kukan rashin ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma shi ne ake buga misali da kyakkyawan haƙurinsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, a gaban sahabbansa, ya kuma faɗi cewa zuciyarsa tana baƙin ciki. A rashin lafiyarsa ta ƙarshe ya gaya wa Nana A'isha ciwon kan da yake ji. Malamai sun daɗe da bambanta tsakanin mai fushi da hukuncin Allah da mai bayyana halin da yake ciki ga likita ko masoyi. Na farko ne ya saɓa wa haƙuri. Na biyu neman magani yake yi.

To raki fa? Mai raki shi ne wanda ƙaramin ciwo ke sa shi ihu ya bar abin da ke gabansa. Mutumin da ya ɗauko gawar yaro, ya koma bakin aiki washegari, ya ci gaba da komawa har shekara ashirin, sannan wata rana ya ce wa matarsa "ba na iya barci", wane mai adalci ne zai kira shi raki?

Akwai wata hujja ta masu shiru da ta fi wannan ƙarfi, kuma Kwamanda da kansa ya kawo mini ita. Ya ce, "Malam, mu kamar masu wankan gawa ne. Muna ganin mutane a halin da ba za su so kowa ya gan su ba. Matar aure ta fito ba mayafi, attajiri yana birgima a ƙasa, gawa ba sutura. In na buɗe baki, asirin wa zan tona?" Wannan magana ce ta mutunci, kuma ta sa na ƙara ganin girmansa. A zamanin da mutane ke rige-rigen ɗaukar hoton gawa da waya su watsa a Facebook da WhatsApp, kamar yadda aka yi ranar Majiya, mai rufa asirin mamaci abin a yaba ne.

Amma abu biyu ne a cikin ƙirjinsa, ya ɗaure su da igiya guda. Akwai sirrin mamaci, wannan amana ce, ya tafi da ita kabari. Akwai kuma raunin da ganin ya yi masa, wannan nasa ne, yana da ikon nuna shi. Zai iya cewa "abin da na gani jiya ya tsaya mini a rai" ba tare da ya ambaci gida ko suna ko kamanni ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaskiya ne. Amma ba a yi shi don ya zama maƙabarta ba.

"Da mun iso da wuri"

Abin da ya fi cin Kwamanda, a yadda na fahimta, ya wuce abin da idonsa ya gani. Tunanin minti biyar ne. Da an kira su da wuri. Da lungun ya ɗauki mota. Da ya fara ta taga maimakon ƙofa. Ya sake wannan dare a ransa sau dubu, kuma kowane karo shi ne mai laifi.

Mu kuma jama'a mukan taya shi tabbatar da laifin. Abu ne sananne a garuruwan Najeriya cewa motar kwana-kwana kan iso ta tarar da ihu da zagi, wani lokaci har da jifa. Ba mai tuna cewa sai da aka gama gwada bokiti da ƙasa kafin wani ya nemi lambarsu. Ba mai tuna cewa wutar ɗaki na iya game ko'ina cikin 'yan mintoci, kuma hayaƙi kan kashe mutum kafin harshen wuta ya taɓa shi. Ba mai tuna cewa ruwan tankin mota ɗaya kan ƙare cikin ɗan lokaci, sai an koma ɗebo wani. Wanda gidansa ke ci ba a zarge shi don ya fita hayyacinsa. Amma 'yan kallo fa, da suka tare hanya da babura?

Tarihi ya ajiye mana misali mai kama da wannan. A shekara ta 8 bayan Hijira, a yaƙin Mu'uta, an kashe kwamandojin Musulmi uku a jere: Zaidu ɗan Harisa, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha. Khalid ɗan Walid ya karɓi tuta, ya janye rundunar ya tsirar da ita. Da suka iso Madina, wasu suka tarbe su da watsa ƙasa, suna kiransu maguda. Malaman tarihi sun ruwaito cewa ɗaya daga cikinsu, Salama ɗan Hisham, ya kai ga zaman gida, ko masallaci ba ya iya zuwa saboda gori. Annabi ne ya tsaya musu, ya kore musu sunan gudu, ya shaida cewa masu komawa fage ne. Shugaba ya ga mutanen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu ba su samu abin da ake so ba, sai ya fara da tsare musu mutunci.

A nan ne imani da ƙaddara ke da babban amfani, kuma a nan ne ake yawan karkatar da shi. Ga wanda ya yi gudu, ya fasa ƙofa, ya shiga hayaƙi, amma ya tarar rai ya yi halinsa, ƙaddara sauke nauyi ce. Ƙoƙari aka ɗora masa, ba a ba shi mabuɗin rai da mutuwa ba. Ya kamata a riƙa gaya masa haka har ya shiga zuciyarsa. Amma wanda aka ba amanar sayen mota da gyaran rijiyar burtsatse da horar da ma'aikata bai yi ba, ko wanda ya gina shago a kan hanyar da mota za ta bi, ba shi da rabo a wannan sassauci. Abin takaici, sau da yawa rabon juyewa yake yi: mai sakaci ya ce ƙaddara ce ya yi barcinsa, mai ƙoƙari ya kwana yana tuhumar kansa.

Ai aikinsa ne, ana biyansa

Wani zai ce, shi ya zaɓi aikin, kuma duk wata yana karɓar albashi. Haka ne. Sai dai albashi lokacin mutum da ƙarfinsa yake saye. Ban san farashin da za a sa wa barcin shekara ashirin ba, ko wa uban da ya daina wasa da 'ya'yansa domin fuskar ƙaraminsu na tuna masa wata fuskar. Idan al'umma ta wakilta wasu 'yan tsiraru su riƙa gani a madadinta abin da ita ba za ta iya gani ba, to abin da ganin ya bari a zukatansu bashi ne a kanta. A fiƙihu ma, ceton rai da suturta gawa farilla ce a kan jama'a duka, wadda idan wasu suka yi ta sauka a kan saura. Ɗan kwana-kwana nauyinmu yake saukewa. Ba daidai ba ne mu bar shi da nasa shi kaɗai.

Ta yaya za a biya bashin? Ba lallai sai mun kwaikwayi wasu ba. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Jeffrey Mitchell, wanda shi ma ya yi aikin kashe gobara, ya fito da tsarin tara ma'aikata bayan mummunan aiki kowa ya faɗi abin da ya gani da yadda ya ji. Tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Daga baya bincike ya nuna cewa zama guda na sa mutum ya amayar da abin da ke ransa ba ya hana ciwon, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da shi. Abin da aka fi yarda da shi yanzu mai sauƙi ne: a kasance kusa da mutum, a biya masa bukatarsa ta lokacin, a saurare shi idan ya so magana, kada a matsa masa idan bai so ba, a kai shi ga masani idan abin ya ƙi wucewa.

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar Hausa ya san wannan. Mukan zo mu zauna a tabarma, mu yi addu'a, mu ce "ya haƙuri", mu yi shiru. Maƙwabta su aiko da abinci. Ba mai tilasta wa mai rashi ya yi bayani, ba kuma mai barinsa shi kaɗai. Hikimar tana hannunmu. Abin da ba mu yi ba shi ne shimfiɗa tabarmar ga wanda ya fito da gawar.

Saboda haka shugaban ma'aikata, bayan dare irin wannan, ya dubi fuskokin yaransa kafin ya dubi rahoto. Wanda ya kamata ya huta a ba shi hutu ba tare da an sa masa ido ba, kuma babba ya fara faɗin nasa, domin ƙaramin ma'aikaci ba zai ce ya girgiza ba muddin ogansa na nuna shi dutse ne. Uwargida da ta ga maigida ya sauya, ya daina cin wani abinci ko yana zabura cikin dare, ta san ba ƙiyayya ba ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Limamin da ya yi huɗuba a kan gobara ya sa masu kashe ta cikin addu'a, ya kuma gaya wa jama'a cewa jifansu zalunci ne. Abokai su lura da wanda ya fara neman barci a cikin ƙwaya, su jawo shi tun abin bai yi nisa ba.

Hukuma kuma nata ya fi na kowa. A farkon 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai irin wannan lalura a matsayin wanda za a tsare kawai. Jigawa na da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, ga kuma asibitin Rasheed Shekoni a nan Dutse. Amma ma'aikacin da ke tsoron a ce ya taɓu ba zai kai kansa ba. Sai an mayar da duba lafiyar zuciya abin da ake yi wa kowa a wurin aiki, kamar awon hawan jini, sannan kunyar za ta faɗi. Kuma mota mai lafiya da isasshen ruwa da rigar kariya su ma maganin damuwa ne, domin kowane ran da aka ceta dare guda ne da ba zai dawo wa wani a mafarki ba.

Ban zama likitan Kwamanda ba, ban kuma sake tayar masa da maganar ba. Abin da na yi kaɗan ne. Na ce wa 'yan majalisa hayaƙin tukuba na damun idona, muka ɗauke benci muka mayar da shi ƙarƙashin dalbejiya, can nesa da mai tsire. Ya kalle ni bai ce komai ba. Bayan wasu makonni, muna tafiya gida, ya ce, "Malam, na gaya wa uwar yaran nan." Na ce, "Me ta ce?" Ya ce, "Cewa ta yi ta daɗe da sani. Jira take in faɗa."

Sanyi ya kusa shigowa. A kula da kaskon wuta, a ajiye lambar 'yan kwana-kwana a waya, a kira su tun wuta tana ƙarama. In kuma ka ga motarsu tana komawa a hankali, ba jiniya, ka ɗaga musu hannu ka ce sannu da aiki, domin ba ka san abin da suka baro ba. Allah Ya jiƙan mutanen Majiya da duk waɗanda wuta ta yi ajalinsu, Ya sanyaya zukatan masu shiga wuta domin wasu su fita.